Takardar Sulhun Jan Biro

Shekara talatin da ɗaya Jan Biro ya yi yana duba rubutu a maɗaba'a ɗaya, a ɗaki ɗaya, a kan tebur ɗaya mai ƙafa uku da rabi wanda aka tokare da tsohon kundi. Aikinsa shi ne ya karanta duk abin da za a buga kafin ya shiga inji: littattafan waƙoƙin coci, darussan makarantar Lahadi, kalanda, katin aure, tsarin jana'iza. Shafi arba'in a wuni, ba ƙari ba ragi. In ka cire ranakun hutu ka lissafa, za ka ga ya haura shafi dubu ɗari uku, kuma shi da bakinsa ya ce kurakurai shida ne kacal suka taɓa kuɓuce masa. Yana iya jero maka su, da shekara da lambar shafi. Biron da yake gyara da shi ja ne, kullum guda uku a aljihun gaba, shi ya sa laƙabin ya bi shi har ya danne sunansa na gaskiya. Matarsa ma in ta fusata Jan Biro take ce masa. In ana zaman lafiya, Baban yara.

Littafi Mai Tsarki kuwa ya san shi kamar yunwar cikinsa. Sau goma sha tara ya karance shi daga bango zuwa bango, huɗu daga ciki da rula a ƙarƙashin kowane layi. Ya san yawan surori, ya san aya mafi tsawo da mafi gajarta, ya san jerin sarakuna da shekarun da kowa ya yi a kan gado. Yana da wani akwatin katako mai kati ɗari bakwai da goma sha biyu, kowane kati da sunan wata damuwa a sama da ayoyi uku a ƙasa: ciwo, rashi, kora daga aiki, ɗa mai taurin kai, maƙwabci mai hayaniya. Gasar tambayoyi ta coci ya cinye ta sau tara a jere, har kwamiti ya roƙe shi ya koma alƙali don wasu su ɗanɗana. Ya koma alƙali. A shekarar ba wanda ya ci.

Zama kusa da shi a sujada sai mai haƙuri. In Fasto ya ce aya ta goma sha biyu alhali ta sha uku ce, za ka ji tari ɗaya daga benci na biyu. In ya maimaita, tari biyu. Fastoci huɗu suka wuce ta hannunsa. Uku sun koyi satar kallon fuskarsa kafin su kira lamba, na huɗun, wanda yake nan yanzu, ya daina kiran lamba gaba ɗaya, sai dai ya ce, "kamar yadda yake a rubuce." Lokacin addu'a shi ma yana rufe ido kamar kowa, amma kunnensa ba ya hutu. Wata Lahadi ya ƙirga wani bawan Allah ya ce "ya Ubangiji" sau arba'in da bakwai cikin minti shida, ya kuma tare shi a bakin ƙofa ya sanar da shi, wai don amfanin kansa.

Abu ɗaya yake so a duniya, kujerar dattijon ikilisiya. Kujeru bakwai ne a gefen mumbari, masu hannu, masu katifa, suna fuskantar jama'a. Sau uku ana samun gurbi, sau uku yana ba da sunansa, sau uku ana ba wani: malamin firamare mai ritaya, mai shagon magani, da wani direba wanda a cewar Jan Biro ba zai iya jero annabawa biyar ba ko an ɗora masa wuƙa a wuya. Da gurbi na huɗu ya samu, bayan ɗaya daga cikin dattawan ya koma zama wurin 'yarsa, sai ya ce wannan karon ko ana ha-maza ha-mata sai ya zauna. Ya tsara wa kansa tambayoyi ɗari huɗu da amsoshinsu, ya sa matarsa tana yi masa jarrabawa kowace safiya kafin shayi ya huce.

Ran ganawa aka kira shi ƙaramin ofishin da ke bayan coci. Mutum uku ya tarar: Fasto, sakataren ikilisiya da littafinsa a buɗe, sai shugabar mata, wata tsohuwar ungozoma da kowa ke kira Goggo, wadda ta karɓi haihuwar rabin masu zama a bencinan nan. Jan Biro ya gaishe su, ya zauna, ya gyara wuyan riga, yana jiran a fara daga kowace kusurwa aka ga dama.

Goggo ce ta yi magana. "Ɗana, ina ƙaninka?"

Wannan ba ta cikin ɗari huɗun.

Su biyu ne wurin uwarsu, shi da Auta, wanda ya zama bakanike. Shekara tara da suka wuce tsohuwar ta rasu, aka cika coci, mutum ɗari uku da 'yan kai, akwatin gawa a gaba. Auta ya roƙa a bar shi ya ce wani abu. Ya tashi yana kuka, ya kawo ayar da ya ce mahaifiyarsu ta fi so, daga ka, ba takarda. Ya ɗauki rabin wata aya ya haɗa da rabin wata, ya kuma jingina su ga surar da ba tasu ba. A ranar Jan Biro bai yi tari ba, miƙewa ya yi tsaye ya ce, "Gafara dai, jama'a, a gyara." Ya gyara. Auta ya dube shi, ya dubi akwatin, ya zauna bai ƙarasa ba. Bayan an binne ta ya tafi, bai sake taka cocin ba, bai sake taka gidan yayansa ba. Garejinsa yana nan, tafiyar minti ashirin daga maɗaba'a, amma zumunci a ƙafa yake, kuma Jan Biro bai taɓa ɗaga tasa ba.

"Yana lafiya, Goggo," in ji Jan Biro. "Haka nake ji."

"Haka kake ji. To, ni ma haka nake ji, amma ni ba ciki ɗaya muka fito ba."

"Goggo, gaskiya fa na faɗa a ranar. Ayar ba haka take ba. Ko a kawo Littafin a duba?"

Fasto ya yi sauri ya ce ba sai an kawo ba, kowa ya yarda. Sai dai wanda zai kula da gidan Allah, ana so a ga yadda ya kula da na ubansa. Ya je su daidaita da ɗan'uwansa, ya dawo nan da Asabar biyu. Kwana goma sha huɗu ke nan.

Jan Biro bai ga abin wuya a nan ba. Mutumin takarda ne, kuma a ganinsa duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ya yi kwana uku yana tsara takardar sulhu, sakin layi uku, ya sa aka buga masa kwafi biyu a kan takarda mai kauri. Ta ce shi wanda ya sa hannu a ƙasa ya tabbatar babu wata ƙullalliya tsakaninsa da yayansa, kuma ba shi da abin cewa game da cancantarsa. Ya ba matarsa ta gani.

"Baban yara, na karanta sau biyu, ban ga inda ka ce ka yi laifi ba."

"Ai ba takardar laifi ba ce. Ta sulhu ce."

"To wa ya yi faɗan?"

"Ke dai akwai kuskure a ciki ko babu?"

"Babu, Jan Biro. Ko ɗaya."

Ya ji daɗin amsar, bai lura da sunan da ta kira shi ba. Ya buɗe akwatinsa ya zaro kati goma sha ɗaya a kan gafara, don ya nuna wa Auta wajibin da ke kansa, ya sa su a aljihu.

Da safe ƙarfe takwas ya isa garejin. Rumfar kwano ce, motoci biyar a ciki, uku a kan tayoyinsu, biyu a kan jak, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Wata ƙaramar bas ta ɗaukar 'yan makaranta tana tsaye a kan ramin da ake shiga a gyara mota, daga ƙarƙashinta ana jin ƙarar sifana. Jan Biro ya tsaya a gefe yana zaɓen inda zai sa ƙafa.

"Waɗannan takalman na san su," in ji wata murya daga ramin. "Yaya, har yanzu su ne?"

Auta ya fito. Ya yi furfura a gemu, ya yi tumbi, ya zama kamar babansu sak, abin da ba wanda ya gaya wa Jan Biro zai gani. Ya goge hannu da tsumma, ya jawo tsohuwar kujerar mota ya ce Yaya ya zauna, ya tambayi Maman yara da yaran ɗaya bayan ɗaya, har da wadda aka haifa bayan rabuwarsu. Jan Biro ya amsa a taƙaice, ya yi bayanin kujerar da kwamitin, ya miƙa takardar. Auta ya karɓi biro ya sa hannu a kwafi biyun, ya bar tambarin babban yatsa na baƙin mai a kan kowanne.

"Ba ka karanta ba!"

"Kai ka rubuta, ai ba za a sami kuskure ba."

"Ba a sa hannu a takarda ba a karanta ba. Kuma akwai abubuwa goma sha ɗaya da ya kamata ka sani game da gafara kafin..."

"Yaya, adana katinka. Na yafe maka tun shekara bakwai."

Jan Biro ya tsaya da hannu a aljihu. Ya shirya wa gardama, ya shirya wa zagi, har ya shirya wa kuka. Bai shirya wa a riga shi ba.

"Shekara biyun farko dai," in ji Auta, "da ka kawo mini mota da na kwance maka birki. Kullum da safe sai na kai ƙararka wurin Allah, in ce, Baba, ka dai ga abin da Yaya ya yi mini a gaban gawar uwarmu. Kullum fa. Wata rana ina kwance a ramin nan na gaji, na ce masa, Baba, mutumin nan ya fi inji nauyi, na kasa, karɓe shi. Ya karɓa."

"Ta yaya ka san ya karɓa?"

"Haba, Yaya. In ka sauke inji daga kafaɗarka sai an rubuto maka kafin ka sani?"

"To me ya hana ka zuwa ka faɗa mini?"

"Na zo sau biyu har bakin maɗaba'a. Na hango ka ta taga da biro a hannu, na ce in na shiga gaisuwar ma sai ya gyara mini."

Ya yi dariya, ya buga bayan bas ɗin da tafin hannu ya ce ta gama, direbanta na hanya. Auta yana da wata ƙa'ida: ba motar da take barin garejinsa sai ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, ko mai ita yana so ko ba ya so, don ya ce shi ƙusa yake ɗaurewa, ba shi yake riƙe hanya ba. Ya cire hula, ya ɗora hannu a jikin bas ɗin.

"Yau ga babba a wurin. Yaya, yi mana."

Wannan kam fagen Jan Biro ne, a zatonsa. Ya rufe ido, ya gyara murya, ya fara da cewa Allah Maɗaukaki ne, ya kawo sura da aya. Ya ce shi ne mai kiyaye masu tafiya, ya kawo wurare uku. Ya ce ba ya barci, ya kawo biyu, ya kuma bayyana inda masu fassara suka saɓa. Ya kai minti huɗu yana wannan, sai ya ji an taɓa masa gwiwar hannu.

"Yaya, ka gama gabatar da shi? Ai mun san shi. Yi masa magana mana."

Jan Biro ya buɗe baki. Ya laluba, ya laluba, duk abin da ya samu labari ne game da Allah, jere-jere, tsaf, da lambobinsa. Wanda za a faɗa wa Allah kuwa, ido da ido, ko kalma ɗaya babu. Ya ji kamar wanda aka tura cikin ɗakin baƙo aka rufe ƙofa. Shirun ya kai daƙiƙa arba'in, kuma ya san haka ne don ƙirgawa ya yi ta yi, ba shi da abin yi da ya wuce wannan.

Sai Auta ya karɓa. "Baba, ga bas ɗin nan, yara ashirin da biyu take ɗauka. Na canza birkin gaba, na baya kuma ka san halinsa, na yi iya yina. Direban yana da gudu, ka sa masa tsoro. Kuma ga Yaya ka kawo shi, na gode, shekara bakwai ina roƙo, ka ga ban matsa maka ba. Kujerar nan da yake so, in alheri ce ka ba shi, in ba haka ba ka ba shi wadda ta fi. Ka ji shi shiru, kunya yake ji, bai saba da kai ba ne." Daga nan ya kawo wata aya don ya rufe, ya kawo ta a karkace, ya jingina ta ga manzon da ba shi ya rubuta ba.

Tari ya taso wa Jan Biro tun daga ƙirji, ya hau har maƙogwaro. Ya haɗiye shi da ƙyar, har idonsa ya kawo ruwa. Da Auta ya ce cikin sunan Yesu, shi ma ya ce amin, a makare.

Kwanakin da suka rage bai ji daɗinsu ba. Takarda tana aljihu, an sa hannu, abin da ya je nema ya samu, amma maganar nan ta "bai saba da kai ba ne" ta hana shi sakat. Ya nemi inda zai sa mata jan biro, ya rasa. Ran Laraba aka dawo da kalanda ɗari biyar daga wata makaranta, watan Yuni ya fito da kwana talatin da ɗaya. Mai injin bugawa, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana shan gyara a hannunsa, ya kawo masa ɗaya har tebur yana murmushi, ya ce a ba shi aron biro ya nuna masa wurin.

Ran Asabar ya koma ofishin bayan coci. Ya ajiye takardar a kan tebur. Sakatare ya ɗauka ya karanta, ya yaba tsarinta, ya ce a tarihin ikilisiya ba a taɓa kawo sulhu mai tsafta haka ba, ban da wannan baƙin yatsan. Goggo ba ta ko kalle ta ba.

"Ka ce masa ya yi haƙuri?"

"A'a, Goggo."

"To me ka je yi?"

"Sa hannu na je karɓa." Ya juya wajen Fasto. "Baba Fasto, a cire sunana."

Biron sakatare ya tsaya cak. Ya ce ai an riga an rubuta sunan a shafi na baya da tawada, cirewa za ta ɓata littafi.

"Ja masa layi ɗaya, ka sa hannu a gefe, haka ake yi," in ji Jan Biro. "Ku ji, na duba katin aure ya fi dubu biyu. Na san sunan ango, na san na amarya, na san rana da wuri da sa'a, har na san abin da za su sa. Ko ɗaya ban taɓa zuwa ba, in na gamu da su a hanya ba za su gane ni ba. Haka nake da Ubangiji. Duk abin da aka buga game da shi ya bi ta hannuna. Ran nan aka ce in yi masa magana a kan motar yara, na tsaya kamar gunki. Mutumin da ya haɗa aya biyu a gaban gawar uwarmu, shi yake hira da shi kamar ɗa da uba. In kun ɗora ni a kujerar nan, wani zai zo da damuwarsa, ni kuma in ba shi kati."

Fasto ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya ce wannan tawali'u ne da ya kamata a yi wa'azi a kansa. Fuskarsa kuwa ta wanda aka sauke wa kaya ce, don tun watanni biyu da suka wuce aka yi wa ɗan kwangilar da ya rufa wa cocin sabon kwano alkawarin kujerar, ana ta neman yadda za a gaya wa Jan Biro a karo na huɗu ba tare da an sha tari ba. Sakatare ya ja layin, ya sa hannu a gefe, ya nuna masa ya tabbatar an yi daidai.

A bakin ƙofa Goggo ta kamo hannun rigarsa. "Yau ka fara cancanta," ta ce. "Amma kada ka sa a ranka, lalacewa za ka yi."

Lahadi aka sanar da ɗan kwangila. Ya hau ya zauna a kujera ta bakwai, ya jingina, kafin a kai tsakiyar wa'azi ya yi barci.

Ran Litinin ƙarfe bakwai da rabi Jan Biro yana garejin, ba takarda a hannunsa. Auta yana share ƙasa. Ya tsaya a gabansa ya ce, "Auta, na yi maka laifi ran jana'izar Mama. Ka yi haƙuri." Kalma goma sha ɗaya, kuma sun fi ɗaukar masa lokaci fiye da shafi arba'in.

"Na ji, Yaya. Riƙe mini tsintsiyar nan."

Akwai wata tsohuwar tasi da za ta fita da safen, an canza mata fulogi huɗu. Auta ya cire hula ya ɗora hannu a kanta, ya jira. Jan Biro ya gane shi ake jira. Ya jingine tsintsiya, ya ɗora nasa hannun a kan ƙarfen, yana jin ɗumin injin ta tafinsa. Ya rufe ido ya daɗe.

"Baba," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ni ne."

"Ya sani," in ji Auta. "Ci gaba, mai tasi na sauri."